Wai Fiziks Suka Ba Shi, Sai Dai Ya Ƙare a Ticha

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida sai ga wani maƙwabcinmu Alhaji, dattijo ɗan kasuwa, ya iso da takarda a hannu. Ɗansa ne ya samu gurbin karatu a jami'a. Muka fara yi masa barka, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da mu.

"Ku ajiye barkar nan tukuna," in ji shi. "Likitanci yaron ya nema, wai fiziks suka ba shi. To fisabilillahi, Malam, in ya gama me zai zama? Ba ticha ba?"

Ni ya kalla da ya faɗi haka, domin ya san abin da na karanta ke nan, shi kuma nake koyarwa a sakandare shekara da shekaru. Ba da nufin cin fuska ya faɗa ba. Uba ne mai tsoron kada wahalarsa ta tashi a banza. Wani daga gefe ya ce a nemi mai hanya a canza wa yaron kwas. Wani ya ce ya karɓa ya riƙe, baɗi ya sake zana JAMB. Yaron yana tsaye a bayan mahaifinsa, kai a sunkuye, babu wanda ya ce masa kanzil.

Da maganar nan na kwana, kuma ga abin da nake gani. Mutumin da ya yarda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da fiziks a jami'a, yana kuma binciken ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar ɓangaren kowane sinadari, yana cikin mutanen da ƙasa ba ta iya sayowa da kuɗi ranar da ta buƙace su. Na'ura ana sayenta a kawo cikin kwantena. Amma sanin irin tambayar da za a yi mata, da gane lokacin da ta ba da amsar ƙarya, hannu da hannu ake miƙa shi daga malami zuwa ɗalibi, kuma sai an haura shekara goma kafin mutum guda ya nuna. Mu kuwa mun ɗauki wannan fanni mun mai da shi wurin zube waɗanda makinsu bai kai na likitanci ba.

A wajen wa ka yi karatu?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tambayar farko da ake yi wa baƙon malami: a wajen wa ka yi karatu? Shi kuma a wajen wa ya yi? Littafi yana kasuwa, kowa na iya saye. Abin da ake nema shi ne zauren da ka durƙusa a ciki. Mutane da yawa ba su san ilimin zarra ma da irin wannan silsila yake tafiya ba.

A Faransa an yi wani mutum mai suna Alfred Kastler. Daga 1926 zuwa 1931 malamin sakandare ne, yana riƙe da alli kamar yadda nake riƙe da shi yau. Daga nan ya shiga jami'a, ya ƙare a Faris yana koyarwa yana bincike. A 1950 ya fito da dabarar amfani da haske wajen jera ƙwayoyin zarra a matakin da ake so, kuma ita ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1966.

A ajinsa akwai wani saurayi haifaffen Aljeriya, Claude Cohen-Tannoudji, wanda ya shigo makarantar da Kastler ke koyarwa a 1953 zuciyarsa tana ga lissafi. Laccocin Kastler ne suka juyo da shi zuwa fiziks. Ya zauna a ɗakin gwajin malaminsa, ya yi digirinsa na uku a can, kuma a 1997 shi ma ya karɓi Nobel saboda aikin sanyaya ƙwayoyin zarra da hasken leza har su kusa tsayawa cak. Shi kuma nasa ɗalibin, Serge Haroche, haifaffen Kasablanka ta Maroko, ya karɓi tasa a 2012, bayan ya iya tsare ƙwayar haske tsakanin madubai biyu ya auna ta ba tare da ya lalata ta ba.

Malami, ɗalibinsa, ɗalibin ɗalibinsa. Da a ce a 1953 Kastler ya ga ya fi ƙarfin shiga aji, ya bar wa wani ƙaramin malami ya karanto wa yara tsohuwar takarda, da saurayin nan ya wuce lissafinsa, silsilar ta tsinke tun daga nan.

Kada a ce ai waɗannan Turawa ne. A Tasawa ta Jamhuriyar Nijar aka haifi Abdou Moumouni a 1929. Ya koyar da fiziks a sakandare a Dakar da Konakiri, ya koyar a Bamako, sannan ya dawo gida ya jagoranci cibiyar binciken makamashin rana a Yamai, ya kuma shugabanci jami'ar birnin. Shi ga rana ya karkata, ba ga zarra ba, amma hanyar guda ce: alli a hannun dama, kayan gwaji a hannun hagu. Ya rasu a 1991, kuma yau babbar jami'ar Nijar sunansa take ɗauke da shi. Ticha ne.

"Mu da ko wuta ba mu da ita, ina ruwanmu da zarra?"

Wannan ce hujjar da na fi ji, kuma ba ta wasa ba ce. Mai faɗinta yana ganin asibiti babu magani, gona babu taki, sai a ce masa wani yana can yana leƙen abin da ido ba ya gani. Akwai ma waɗanda da zarar sun ji kalmar sai Hiroshima ta faɗo musu a rai. Bom daga ƙwayar tsakiyar zarra yake fitowa, wato nukiliya. Mai binciken zarra kuwa yawancin aikinsa yana kan ilektaron ɗin da ke kewaye da ita, da yadda suke ma'amala da haske.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ilektaron a cikin zarra kamar mai hawa matakala yake: ko yana kan wannan mataki ko yana kan wancan, babu tsayawa a tsakani. In ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa sai ya saki haske mai launi ayyananne. Kowane sinadari da tasa matakalar, don haka kowanne da launukansa, kamar yadda a da ake gane Bagobiri ko Bakatsine da askar fuskarsa. Uwargida ta sha ganin wannan ba ta sani ba: in miya ta tafaso ta zubo kan wutar gas, shuɗiyar wutar sai ta koma ruwan ɗorawa. Gishirin miyar ne, sinadarin sodiyom da ke cikinsa yake nuna askarsa. 'Yan gwangwan da ke ƙona waya su ciro jan ƙarfe su ma suna ganin koren harshen wuta.

Yanzu mu je Zamfara. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, suna amai, suna sanƙamewa kamar masu farfaɗiya. Fiye da yara 400 suka rasu. Duwatsun zinare ne ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, alhali suna cike da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma a cikin ƙasa ba ta da wari, ba ta da launin da zai bambanta ta da sauran ƙura.

Da me aka gane wace tsakar gida ce ke da guba, wacce ce lafiya lau? Da wata 'yar na'urar riƙewa a hannu, wadda ake ɗora bakinta a ƙasa ta harba hasken eksire, ƙwayoyin zarrar da ke wurin su mayar da amsa, kowacce da askarta. Cikin ɗan lokaci ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Da ita aka bi gida-gida, aka san inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. Tushen wannan na'ura aikin wani matashi ne ɗan Ingila, Henry Moseley, wanda a 1913 ya nuna cewa kowane sinadari yana da nasa hasken eksire da ke bin lambarsa a jerin sinadarai. An kashe shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915 yana da shekara 27. A lokacinsa da an tambaye shi amfanin aikinsa ga talaka, da wuya ya iya ba da amsa. Kusan shekara ɗari bayan haka aka ga amfanin a ƙauyukan Dareta da Bagega na Zamfara.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin ƙwararrun da suka jagoranci wannan awo daga ƙetare suka zo. A 2015 kuma gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Haƙar zinare ba ta tsaya ba. Ya kamata a ce kowace jami'a da ke kusa da wuraren haƙa tana da malamin da ya san wannan awo ciki da bai, da ɗalibai 'yan asalin ƙauyukan da za su iya shiga cikin gida su yi magana da mata da harshensu.

Wayar da ke aljihun Alhaji ma ba ta tsira ba. Tun 1967 duniya ta daina auna daƙiƙa da motsin ƙasa a sararin samaniya. Daƙiƙa guda yanzu ita ce lokacin da wani haske na ƙwayar zarrar siziyom ke kaɗawa sau 9,192,631,770. Taurarin ɗan Adam na GPS irin waɗannan agoguna na zarra suke ɗauke da su, domin in agogon ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, taswira za ta kauce da kusan mita 300. Direban da ke bin taswira ya kai masa kaya Legas da aikin masu binciken zarra yake tafiya.

"Ai babu kayan aiki"

Nan akwai gaskiya, kuma na ɗanɗana ta. A jami'ar da na yi karatu mun yi zango guda cur muna darasin zarra da wata takarda da aka yi ta hoton-kwafinta har zanen da ke ciki ya dushe. Akwai na'urar raba haske a ɗakin gwaji, a kulle cikin kabad, saboda fitilarta ta ƙone tun kafin mu zo kuma ba a sayo wata ba. Muka haddace lissafin layukan hasken haidurojin, muka zuba a jarrabawa, muka ci, ba tare da ɗayanmu ya taɓa ganin layukan nan da idonsa ba.

Amma lissafin nan da muka haddace, wa ya samo shi? Johann Balmer, malamin lissafi a makarantar 'yan mata a birnin Bazel na Suwizalan. A 1885, yana da shekara 60, ya ɗauki lambobi huɗu kacal da wani ya riga ya auna, ya zauna da su har ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. Sai bayan shekara 28, a 1913, Niels Bohr ya bayyana dalilinta, kuma daga nan aka buɗe ƙofar fahimtar zarra ta zamani.

Ban kawo Balmer don in ce a yi haƙuri da fensir ba. Binciken yau yana son leza, yana son wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji, yana son kuɗi. Amma kuma ba fanko muke ba kamar yadda ake zato. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki tun 2004, ƙirar ƙasar Sin. Ƙarama ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, kamar a jona dutsen guga talatin, kuma ba don ba da lantarki aka yi ta ba. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma, ma'adinai da abinci. A 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar wa ƙasar Sin da tsohon. Malaman jami'a 'yan ƙasar nan ne suke tafiyar da ita fiye da shekara ashirin. Na sha tambayar ɗalibaina 'yan aji shida ko sun taɓa jin labarinta, da ƙyar ake samun hannu ɗaya a sama.

Ni kaina abin da ya riƙe ni a fannin nan bai kai farashin kwanon shinkafa ba. A shekararmu ta uku wani dattijon malami ya shigo aji da kwali, reza da tsohon faifan CD. Ya tsaga siririyar kafa a kwalin, ya maƙala faifan a karkace, ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Da muka leƙa farin bango da rana ta haska, sai muka ga bakan gizo a haɗe, launi yana narkewa cikin launi. Da muka juya ga doguwar fitilar fuloresan da ke saman allo, sai bakan gizon ya rarrabu: ga kore shi kaɗai, ga shuɗi shi kaɗai, duhu a tsakaninsu. Ya ce, "Matakalar da kuka haddace ke nan." Ajin ya yi tsit. Gani ya kori ji.

Laifin da ke cikin gida

Ba zan ɗora komai a kan iyaye da gwamnati ba. Jami'o'inmu da kansu sun raba koyarwa da bincike, sun fifita ɗaya sun wulaƙanta ɗaya. In lokacin ƙarin girma ya zo, maƙaloli ake ƙirgawa. Ba a cika tambayar mutum ɗalibi nawa ya tsaya a kansu har suka iya riƙe na'ura su kaɗai ba. Dattijon nan mai kwali ya daɗe a mataki guda, yayin da waɗanda suka gane hanyar mujallun biya-a-buga suka wuce shi.

Sakamakon haka, da zarar mutum ya girma sai ya guje wa 'yan shekarar farko. Mu a lokacinmu mun haura ɗari huɗu a ɗaki guda, aka bar mu da matashin da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, babu ko lasifika. Ga shi kuwa a wannan aji ne yaro irin ɗan Alhaji yake zaune, wanda aka turo shi fiziks ba da son ransa ba, yana jiran dalili guda da zai sa ya zauna ko ya gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma sai ya bushe muke aiko masa da farfesa.

Manyan za su ce bincike yana son nutsuwa, kuma aji yana cinye lokaci. Haka ne, kuma wanda aka jibga wa kwasa-kwasai biyar da takardun jarrabawa dubu ba zai gano komai ba. A rage musu nauyi. Amma kada a cire su daga ajin farko. A 1909 a Manchesta, Ernest Rutherford ya ba wani ɗalibin digirin farko ɗan shekara 20, Ernest Marsden, aikin duba ko akwai ƙwayoyin da ke dawowa baya in an harba su kan siririn ƙarfe. Yaron ya duba ya ga suna dawowa. Daga wannan ne Rutherford ya gano a 1911 cewa zarra tana da ƙwayar tsakiya. Ya san yaron ne saboda yana tare da yara.

Maganar abinci

Nan ne hujjar Alhaji ta fi ƙarfi, kuma ba ni da niyyar yi mata kwaskwarima. Albashin malamin jami'a a Najeriya bai dace da shekarun da ya kashe ba. An shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja kan yarjejeniyar 2009 tsakanin ƙungiyar malaman jami'a da gwamnatin tarayya. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gwaji ba ya iya ajiye aikinsa wata takwas ya dawo ya tarar da shi yadda ya bari, kuma ɗalibin digiri na uku da ke da mata da 'ya'ya ba ya iya jira. Waɗanda suka fi hazaƙa su ne suka fi samun hanyar fita, wasu Saudiyya, wasu Afirka ta Kudu, wasu Turai. Ba na ganin laifinsu.

Sai dai a duba abin da muke cewa muna so. Tun 1976 aka yi dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, ba ta fara aiki sosai ba sai 2006, kuma har yau ana maganar gina tashar lantarki ta nukiliya. A Nijar tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit ana fita da shi. Muna son injinan gashin cutar daji a asibitocinmu, waɗanda ba sa aiki lafiya sai da masanin fiziks da zai auna yawan hasken da za a harba wa majinyaci. Duk waɗannan mutane ne za su riƙe su, kuma mutanen daga aji suke fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Doka ta ce farfesa ya yi ritaya a shekara 70, kuma waɗanda aka tura ƙetare suka karanto fannin nan a shekarun 1980 yanzu suna kai wa wannan shekara ɗaya bayan ɗaya. In an bar su suka tafi ba su miƙa wa kowa ba, ginin zai tsaya, na'urar za ta tsaya, amma sai an sake farawa daga fari.

Washegarin zaman majalisar nan na je shagon Alhaji. Na ce masa, "Alhaji, ba zan ce maka yaron nan zai yi kuɗi ba. Abin da nake roƙo, a bar shi ya yi shekara guda da zuciya ɗaya, ba da ƙafa ɗaya a waje ba. In ya je ya nemi malamin da ke shiga ɗakin gwaji da kansa, ya manne masa, ko da wanke kwalabe zai riƙa yi. In bayan shekara ya ce ba ya so, ni da kaina zan raka shi ya sake cike fom."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "To Malam, na ji. Allah ya sa albarka. Amma kuɗin JAMB na baɗi na riga na ware shi gefe."

Da yamma yaron ya yi sallama a gidana. Na ɗauko kwali da reza da faifai muka haɗa tare, ya leƙa fitilar shagon mai ɗinki da ke kusa da mu, ya daɗe bai sauke ba. Da zai tafi ya ce, "Malam, in tafi da shi? Ina so ƙanwata ta gani." Ranar Litinin zai je rajista.